Muryoyin Najeriya a littattafan zamani: abin da ya kamata mai karatu ya nema

A duk lokacin da wata jarida ko makaranta ta fitar da jerin littattafan da suka cancanci a karanta, akan sami masu tambayar labarin su wane ne a ciki, kuma su wa aka bari a waje. Tambayar tana da nauyi a Najeriya, ƙasar da ake magana da harsuna sama da 500, inda mutumin Sakkwato zai iya tsufa bai taɓa zama da mutumin Bayelsa sun yi hira ba. Abin da mutane da yawa suka sani game da 'yan ƙasarsu na wani yanki bai wuce kanun labarai ba, su kuwa kanun labarai sun fi ɗaukar rikici da asara. Ƙagaggen labari yana shigar da mai karatu har tsakar gida, ya ji yadda ake magana a can da abin da ke hana mutanen barci. Wannan maƙala ta tattaro wasu littattafai da suka yi wannan aiki, tare da bayanin yadda fagen ya faɗaɗa da inda har yanzu yake da giɓi.

Me ake nufi da wakilci a adabi

Manazarta suna amfani da kalmar wakilci wajen auna abu biyu: irin mutanen da ake ba da labarinsu a littattafai, da irin mutanen da ke samun damar rubutawa a buga. A shekarar 1990, wata farfesa a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Rudine Sims Bishop, ta kwatanta littafi da madubi da kuma taga. A madubi yaro yake ganin kansa da irin gidansu, ta taga kuma yake leƙa rayuwar wasu. Ta yi bayanin cewa yaron da bai taɓa ganin irinsa a littafi ba yakan ɗauka shi ba kowa ba ne, wanda kuma kullum kansa kaɗai yake gani yakan zaci duniya iyakarta ke nan.

A 2009 marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie ta gabatar da wani jawabi da ya zagaya duniya kan haɗarin da ke tattare da sanin al'umma ta labari guda tilo. A 2014 kuma aka fara wani gangami a Amurka mai suna We Need Diverse Books, domin matsa wa kamfanonin ɗab'i su riƙa buga littattafan yara masu ɗauke da baƙaƙen fata da sauran tsiraru. A can, muhawarar ta fi karkata ga launin fata. A Najeriya kuwa ta fi shafar yanki, harshe, addini, jinsi da matsayin arziki.

Yadda fagen ya faɗaɗa

Ƙagaggen labari a harsunan gida ya riga na Ingilishi kafuwa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A shekarar ce kuma Omenuko na Pita Nwana ya fito da harshen Ibo, sannan a 1938 D.O. Fagunwa ya fitar da littafinsa na farko da Yarbanci. Things Fall Apart na Chinua Achebe ya fito a 1958, kuma tuni aka fassara shi zuwa harsuna sama da 50.

Duk waɗannan maza ne suka rubuta su. Muryar mace ta shigo da Efuru na Flora Nwapa a 1966. A ɓangaren Hausa sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta rubuta. Bayan shekara huɗu Zaynab Alkali daga Borno ta fitar da The Stillborn da Ingilishi, labarin wata yarinyar ƙauye mai suna Li da burinta na ilimi da rayuwar birni. Tsakanin gasar Zariya da fitowar littafin Hafsat akwai shekara 47, abin da ke nuna tsawon lokacin da matan Arewa suka yi suna bayyana a labari ta bakin maza kaɗai.

Arewa a rubutun Ingilishi

Shekaru da dama, wanda ya karanta adabin Najeriya da Ingilishi ba ya cin karo da Arewa sai jefi-jefi. Cyprian Ekwensi, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, na biyun kan rayuwar Fulani makiyaya, kuma ɗalibai da yawa a Kudu ta nan suka fara jin labarin yankin. Sauyi na sosai ya zo ne daga farkon wannan ƙarni.

Helon Habila, haifaffen Kaltungo a Jihar Gombe, ya lashe kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001. Littafinsa Measuring Time na 2007 labarin wasu tagwaye ne a wani ƙauye na Arewa maso Gabas: ɗaya ya tafi yaƙe-yaƙen Afirka ta Yamma a matsayin soja, ɗayan kuma ciwon sikila ya tsare shi a gida, ya zama mai rubuta tarihin garinsu. Littafin yana tunatar da mai karatu cewa Arewa ta ƙunshi ƙananan ƙabilu da al'ummomin Kirista masu nasu tarihin.

Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya fito a 2015, ya kuma lashe kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, mai darajar dala 100,000. Tauraruwarsa Hajiya Binta Zubairu mace ce 'yar shekara 55 da ta rasa mijinta a rikicin Jos ta koma zama a wajen Abuja, inda ta shiga wata alaƙa ta ɓoye da wani matashi shugaban 'yan daba da 'yan siyasa ke amfani da shi. Jigon ya jawo ce-ce-ku-ce, amma littafin ya taɓo abubuwan da ba a cika faɗa ba: kaɗaicin matar da mijinta ya rasu, kunyar ɗan fari da ke raba uwa da ɗanta, da yadda ake jefar da yaran bangar siyasa bayan an gama zaɓe. Littafi ne na manya.

Born on a Tuesday na Elnathan John, ɗan Kaduna, ya fito a daidai wannan lokaci. Ɗantala, almajirin da ke ba da labarin da bakinsa, ya tsere daga rikicin zaɓe ya sami mafaka a wani masallaci a Sakkwato, ya ga yadda saɓani tsakanin malamai ya rikiɗe ya zama tsattsauran ra'ayi da zubar da jini. Ƙarfin littafin shi ne almajirin da aka saba gani a matsayin adadi cikin rahoto ya zama mutum mai uwa, mai abokai, mai son koyon karatu. Wanda ya gama shi zai iya ɗorawa da Sterile Sky na E.E. Sule, wanda ya kalli rikicin addini a Kano ta idon wani yaro ɗan talakawa, ya kuma ci kyautar ƙasashen rainon Ingila ta yankin Afirka a 2013. Akwai kuma An Abundance of Scorpions na Hadiza Isma El-Rufai, na 2017, kan wata mata da ta rasa mijinta da 'yarta ta sake gina rayuwarta.

Abin da ke cikin littattafan Hausa

Mai son sanin rayuwar Hausawa daga ciki ba zai wadatu da Ingilishi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano da sauran birane suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai su kasuwa da kansu. Wasu manazarta sun kira su adabin kasuwar Kano, jama'a kuma suka riƙa ce musu littattafan soyayya. An daɗe ana muhawara a jaridu kan ingancinsu da tasirinsu ga tarbiyya. Abin da ba a musu a kai shi ne sun buɗe wa ɗaruruwan mata ƙofar rubutu, sun kuma sa matan aure da 'yan mata da yawa sun riƙe karatun boko da Hausa.

Balaraba Ramat Yakubu tana sahun gaba. Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara da mijinta ɗan kasuwa ya kora bayan ya auro wata, ta koma sayar da abinci domin ta riƙe 'ya'yanta. Wa Zai Auri Jahila? kuma ya bi sawun yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya ɗauko soyayyar 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, ya zama ɗaya daga cikin littattafan Hausa da aka fi karantawa. Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya shahara a tsakanin mata, 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya binciki dalilan da ke jefa mace karuwanci, Mace Mutum na Rahma Abdulmajid kuma ya ɗaga tambayar matsayin mace a al'umma.

Akwai wani tsohon littafi da ya cancanci a koma masa idan ana zancen wakilci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito daga gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya a farkon shekarun 1980, jaruminsa Bamaguje ne kuma tsohon soja. Ba kasafai ake samun Maguzawa a tsakiyar labarin Hausa ba, balle a haɗa su da abin da yaƙin basasa ya bari a zukatan waɗanda suka yi shi.

Daga maƙwabta, Djaïli Amadou Amal ta garin Marwa a arewacin Kamaru ta rubuta Les Impatientes da Faransanci, kan wasu mata uku da ake ta ba haƙuri a kan auren dole da zaman kishi. Littafin ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, an kuma fassara shi zuwa Ingilishi. Mai karatu daga Yola ko Mubi zai ga gidajen da ya sani a cikinsa.

Taga zuwa Kudu

Ga Bahaushe mai karatu, littattafan Kudu su ne tagar. Half of a Yellow Sun na Adichie, na 2006, ya ba da labarin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta bakin waɗanda suka rayu a ɓangaren Biyafara, ciki har da wani yaron gida mai suna Ugwu. Wasu sassansa a Kano suka faru, lokacin kashe-kashen 1966. Ba lallai mai karatu ya yarda da kowace fahimta da ke cikinsa ba, amma zai gane dalilin da ya sa wannan tarihi bai huce a zukatan mutanen Kudu maso Gabas ba.

The Secret Lives of Baba Segi's Wives na Lola Shoneyin, na 2010, ya shiga gidan wani mai mata huɗu a Ibadan, inda zuwan amarya mai digiri ya tono asirin da uwayen gida suka binne. Stay With Me na Ayobami Adebayo, na 2017, ya nuna matsin lambar da dangin miji ke yi wa matar da ba ta haihu ba a garin Ilesha. Duk wanda ya karanta littattafan Balaraba zai ga cewa kishi, gorin haihuwa da katsalandan na surukai ba su san iyakar yanki ba. The Fishermen na Chigozie Obioma, wanda ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker a 2015, labarin wasu 'yan'uwa huɗu ne a Akure da gidansu ya wargaje bayan an yi wa mahaifinsu canjin wurin aiki zuwa Yola.

Yankin Neja Delta yana da nasa littattafan. Yellow-Yellow na Kaine Agary, wanda ya ci kyautar NLNG a 2008, ya bi wata yarinya da malalar ɗanyen mai ta lalata gonar mahaifiyarta, ta tafi Fatakwal neman rayuwa. Oil on Water na Helon Habila, na 2010, ya bi wasu 'yan jarida biyu cikin ƙoramun yankin suna neman matar wani Bature ma'aikacin mai da aka sace. Ɗan Gombe ne ya rubuta shi, kamar yadda ɗan Ibo ya rubuta labarin Fulani a 1962. Wannan na nuna cewa marubuci zai iya ƙetara iyakar yankinsa, matuƙar ya yi bincike ya kuma girmama mutanen da yake rubutu a kansu.

Waɗanda ba a cika jin muryarsu ba

Wakilci bai tsaya ga yanki da ƙabila ba. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara masu ciwon sikila a duniya, amma sai a 'yan shekarun nan cutar ta sami gurbi sosai a ƙagaggun labarai. Bayan Measuring Time da Stay With Me, waɗanda duka suka taɓo ta, akwai Boom Boom na Jude Idada, littafin yara da ya ci kyautar NLNG a 2019, kan wani yaro da ke neman hanyar ceto ƙanwarsa. Akata Witch na Nnedi Okorafor, na 2011, tauraruwarsa zabiya ce 'yar shekara 12, kuma ita ce jaruma mai ƙarfi a labarin.

The Girl with the Louding Voice na Abi Daré, na 2020, ya ba wa 'yar aikin gida baki: Adunni, 'yar shekara 14 da aka aurar saboda talauci, ta gudu ta ƙare tana aikatau a Legas. On Black Sisters' Street na Chika Unigwe, wanda ya ci kyautar NLNG a 2012, ya bi wasu mata huɗu 'yan Afirka da aka kai birnin Antwerp na Beljiyam aka sa su karuwanci. Buried Beneath the Baobab Tree na Adaobi Tricia Nwaubani, na 2018, an gina shi kan hirarrakin da aka yi da 'yan matan da Boko Haram ta sace.

Su wa ke buɗe ƙofa

Littafi ba ya isa hannun mai karatu sai ya bi ta hannun maɗaba'a, alƙalan gasa da masu sayarwa, kuma a nan ake yanke hukuncin muryar da za a ji. Kafuwar kamfanonin ɗab'i na cikin gida ta taimaka ƙwarai. Cassava Republic, wanda Bibi Bakare-Yusuf ta jagoranci kafawa a Abuja a 2006, shi ya fitar da littattafan Elnathan John da Abubakar Adam Ibrahim zuwa kasuwar Birtaniya. Parresia ne ya fara buga Season of Crimson Blossoms a gida. Lola Shoneyin ta kafa bikin littattafai na Ake a 2013, ta kuma jagoranci na Kaduna da aka fara a 2017. A 2021 aka fara wani bikin na daban a Kaduna wanda ya keɓanta ga littattafai da fasahar Hausa.

Kyautar NLNG, wadda aka fara a 2004, tana zagayawa ne tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara, kowanne sau ɗaya a shekara huɗu. Littattafan da suka lashe ta da Ingilishi aka rubuta su. A ɓangaren Hausa, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta fito da sababbin marubuta, kuma labarin da ya fara lashe ta ya shafi rayuwar sansanin 'yan gudun hijira.

Giɓin fassara

Babbar matsalar da ta rage ita ce katangar harshe. Littattafan Hausa suna da ɗimbin masu karatu, amma ɗan Enugu ko Abeokuta ba shi da hanyar shiga cikinsu. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa sai da ya shekara 22 kafin fassarar Aliyu Kamal ta fito a 2012, kuma wani kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga ta. Ana ɗaukarsa a matsayin cikakken ƙagaggen littafin Hausa na farko na mace da aka mayar Ingilishi.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Tun 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm na George Orwell zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, wanda ya tabbatar da cewa harshen zai ɗauki kowane irin labari. Duk da haka, yawancin littattafan da aka ambata a sama, har da waɗanda aka rubuta kan Jos da Sakkwato, mai karatun Hausa zalla ba zai iya karanta su ba. Almajirin da aka ba da labarinsa ya zagaya Landan da New York, alhali a unguwarsu ba a ji shi ba. Sassan nazarin harsuna na jami'o'i, Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da aka kafa a 1981, da kamfanonin ɗab'i, su ne ke da ƙwararrun da za su iya cike wannan giɓi idan aka sami mai ɗaukar nauyi.

Yadda za a yi zaɓi

Malamai, iyaye da masu kula da ɗakunan karatu za su iya auna jerin littattafansu da tambayoyi kaɗan. Shin akwai wanda ɗalibi zai ga gidansu a ciki, akwai kuma wanda zai kai shi yankin da bai taɓa zuwa ba? Akwai na mata da na maza? Akwai na harshen gida? Sannan a duba ko mutanen da ke cikin labarin cikakkun mutane ne masu kirki da rauni, ko kuwa an kawo Bahaushe ne a matsayin maigadi kawai, Ibo a matsayin mai son kuɗi, Bayarabe a matsayin mai son biki. Ya kamata kuma babba ya fara karanta littafi kafin ya miƙa wa yaro, domin da yawa daga cikin waɗanda aka lissafa na manya ne.

Littafi guda ba ya wakiltar al'umma gaba ɗaya. Season of Crimson Blossoms ba shi ne labarin dukkan matan Arewa ba, kamar yadda Half of a Yellow Sun ba shi ne dukkan tarihin yaƙin basasa ba. Hanya mafi amfani ita ce a haɗa su biyu-biyu: Alhaki Kuykuyo Ne da The Secret Lives of Baba Segi's Wives, Wa Zai Auri Jahila? da The Girl with the Louding Voice, Ƙarshen Alewa Ƙasa da Half of a Yellow Sun. Wanda ya yi haka zai ga inda damuwar gidajen Najeriya ta zo ɗaya, da inda tarihi ya sa kowane yanki yake kallon abu ta fuskarsa.